Komawar Guguwa Kan Dandamali

A layin masu gyara, tsakanin shagon mai faci da na mai aski, akwai wani mai gyaran fanka da firji da kowa ke kira Guguwa. Sunan ya samo asali ne shekara talatin baya, lokacin da yake waƙar gambarar zamani, irin wadda ake zuba magana da gudu a kan kiɗa. Waƙarsa ɗaya ce ta taɓa fita, mai suna "Taya Ba Birki", kuma sau biyu aka sa ta a rediyo, ɗaya daga ciki ma bisa kuskure. Amma in ka kai masa fanka, kafin ya kwance kusa ta farko ka gama jin yadda 'yan mata suka riƙa suma saboda shi, da yadda aka taɓa rufe titi ranar da ya fito. Yanzu shekarunsa hamsin da takwas. Yana da tumbi, da gwiwa mai ƙara in zai miƙe, da tabaran karatu da yake ɓoyewa a ƙasan akwatin kayan aiki.

Wata rana da hantsi yana zaune a shagon mai aski, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, sai aka soma muhawara a rediyo, wai shin mawaƙin gambara yakan tsufa da sana'ar ko kuwa zai iya yi har da furfura. Wani da ya bugo waya ya ce duk wanda ya haura arba'in ya ajiye makirufo ya je ya riƙe jikoki. Mai faci, da ya shigo shan inuwa, ya ce ai gaskiya ne, waƙar nan ta masu huhu ce. Yana faɗa yana satar kallon tumbin Guguwa.

Guguwa ya miƙe da rabin kai a aske. Ya ce shi ko gobe aka ba shi dandamali sai ya girgiza gari, yaran nan na yanzu in ya buɗe baki sai sun koma neman aikin gadi. Ya ce numfashinsa ma ƙaruwa ya yi, don a da sigari yake sha, yanzu kuwa ya bari tun bara.

Mai aski ya girme shi da shekara bakwai, kuma shi ne mai yi masa amshi a wancan zamani. Mutum ne marar yawan magana. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Zauna in ƙarasa maka kan tukuna, kada ka girgiza gari da rabi."

Mai faci kuwa bai bar zancen ya mutu ba. Ya ce ai abin ya zo da sauƙi, Asabar ta sama za a buɗe sabon katafaren kantin nan na bakin titi, za a kafa dandamali a filin ajiye motoci, kuma 'yar Guguwa ce ke shirya taron. In da gaske yake, ga fili nan. Mutanen da ke jiran layin aski suka ce sun zama shaida. Guguwa ya ce su zo da wuri don samun wurin tsayawa.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana aiki a wani kamfanin shirya taruka, kuma wannan ne karo na farko da aka damƙa mata taro ita kaɗai bayan shekara uku tana ɗaukar fayil. Da ya gaya mata da yamma, ta fara dariya, ta ga bai yi ba, sai ta durƙusa. Ta ce Baba ya rufa mata asiri, jerin mawaƙa ya cika, kuma in aka sami matsala ita za a kora. Matarsa tana ninke kaya a gefe, ba ta ɗago ba, ta ce a bar shi kawai, zafin rana ne, zuwa safiya zai sauka.

Bai sauka ba. Washegari ya ɗauki akwatinsa ya tafi ofishin su Auta, ya ce ya zo duba na'urar sanyaya ɗakin manaja, wadda lafiyarta ƙalau. Yana kan tsani ya ba manaja labarin titin da aka rufe, sai dai a wannan karon tituna uku ne. Manajan matashi ne mai son abin da ba a saba ba. Jin cewa ga tsohon tauraro a ofishinsa yana goge ƙura, sai ya kira Auta ya ce me ya sa ta ɓoye masa irin wannan uba. Ya ba Guguwa minti goma kafin babban mawaƙin ranar ya hau, ya kuma ce da Auta duk abin da ya faru a minti goman nan a wuyanta yake. Ta raka mahaifinta har bakin ƙofa ba ta ce masa uffan ba. Shi kuwa ya ɗauka murna ce ta hana ta magana.

Aka shiga shiri. Abu na farko shi ne waƙar kanta, domin da ya zauna zai rera sai ya tarar baiti biyun farko kaɗai ke kansa. Bai damu ba, akwai kaset ɗaya da ya adana a cikin gwangwani. Ya zaro tsohon rediyo daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙura, ya sa kaset. Kiɗa ya tashi, muryarsa ta ƙuruciya ta yi baiti biyu, sai rediyon ya yi wani gurnani ya shiga tauna zare. Kafin ya cire wuta, waƙar ta zama tulin baƙin zare a cinyarsa. Ya ce wannan ƙaramin aiki ne ga mai gyara. Ya yini da almakashi da gam da fensir, ya haɗa guntaye goma sha wani abu. Da ya sake kunnawa, abin da ya fito ya yi kama da akuya a cikin rijiya. Matarsa ta ce ya je ya tambayi mai aski mana, ai shi ma ya san waƙar. Ya ce Allah ya kiyaye mai waƙa ya je tambayar mai amshi. Sauran baitocin suna nan cikin jininsa, da zarar ya ga jama'a za su fito da kansu.

Abu na biyu shi ne huhu. Da sassafe ya sa gajeren wando ya fita gudu. Ba a taɓa ganin Guguwa yana sauri ba, balle gudu, don haka mai shagon kusurwa ya ɗauka ɓarawo ya biyo. Ya ɗauki sanda ya rufa masa baya. Masu jiran mota suka bi, mai faci ya fito da ƙarfen cire taya. Cikin ɗan lokaci mutum ashirin suka wuce Guguwa a guje, suka kai har ƙarshen layi ba su ga kowa ba. Da suka dawo suka same shi rungume da turken lantarki, baki buɗe, yana nuna musu da hannu su dakata. Maƙwabciyarsu, ma'aikaciyar jinya ce, tana hanyar zuwa aiki, ta tsaya ta auna jininsa a nan bakin titi. Ta ce in dai yana son ganin Asabar, ya bar gudu, ya bar tsalle, ya bar duk abin da ya fi tafiya zuwa shago. Ya ce na'urarta ce ta lalace, ta kawo masa ya duba.

Sai ya koma atisaye a gida, a banɗaki, inda murya ke amsawa. Yakan kulle ƙofa ya yi ta zuba magana da ƙarfi yana dukan bokiti. A rana ta uku dattawan layi biyu suka yi sallama, suka zauna a falo da fuskar jimami. Suka ce sun daɗe suna jin hayaniya, zaman aure haƙuri ne, mace mai shekara talatin a gidan mutum ba a yi mata irin wannan faɗa. Suna cikin nasiha matar ta shigo daga kasuwa da kwando a hannu. Da ta fahimci abin da ya kawo su, ta ce su ci gaba, ba su yi kuskuren gida ba, kuskuren laifi kawai suka yi.

Kaya kuwa ba su ba shi wahala ba, a ganinsa. Wandon da yake sawa a da, mai faɗin da mutum biyu za su shiga, yanzu ya zauna masa cif, har sai da ya kwanta kafin maɓalli ya shiga. Sarƙar wuya ta ɓace tuntuni, sai ya wanke sarƙar keke ya fesa mata fenti ruwan zinariya. Mai aski ya ƙi rina masa gashi, ya ce bai iya ƙarya da kan mutane ba, don haka Guguwa ya sayi man goge baƙin takalmi ya yi abinsa. Da ya nemi mai aski ya zo ya tsaya a bayansa kamar da, sai ya ce zai zo, amma da sharaɗin a ba shi kujera, don shekara arba'in ke nan yana tsaye a kan mutane.

Ranar Asabar rana ta buɗe sosai. Filin ajiye motoci ya cika, ga balan-balan a ƙofar kanti, ga 'yan layin masu gyara sun kama gaba kamar yadda aka umarce su. A bayan dandamali matasan mawaƙa suka gaishe shi da ladabi, suna ce masa Baba. Ɗaya ya tashi ya ba shi wuri, wani ya nuna masa wata fanka da ta ƙi juyawa ya ce Allah ya kawo shi. Guguwa ya sha mur, ya gyara baƙin tabarau, ya ce shi ba gyara ya zo ba, koyarwa ya zo.

Mai sa kiɗa ya tambaye shi ina kiɗansa. Guguwa ya kwaikwaya masa shi da baki. Mutumin ya lalubo wani kiɗa mai kama da shi ya kunna a hankali, don ganin furfurar da ta leƙo ta bayan kunne. Guguwa ya ce wannan ai na rarrashin jariri ne, a ƙara wuta. Aka ƙara. Ya ce a ƙara. Mai sa kiɗa ya dubi Auta, ita kuwa hankalinta na kan waya, domin babban mawaƙin ya maƙale a cunkoson motoci, ya ce sai nan da rabin awa. Kafin a kira shi, Guguwa ya ɓuya a bayan lasifika ya sa tabaran karatu, ya rubuta a damtsensa duk kalmar da ya iya tunowa, ya mayar da baƙin.

Aka kira sunansa. Mai aski ya riga shi hawa, ya ajiye kujerar roba a gefe, ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya da makirufo a cinya. Guguwa ya hau da sassarfa. Baƙin tabarau ya hana shi gani, sai da ya gama gaida tulin lasifika kafin ya gane jama'a na ɗaya gefen. Kiɗa ya faɗo kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, shi kuma ya kama:

"Taya ba birki, na gangaro daga tudu,
mai tsayawa ya tsaya, mai gudu ya yi gudu."

Gaskiya baitin ya fita da kyau. 'Yan layi suka yi tafi, har manaja ya gyaɗa kai. Guguwa ya buɗe baki don na uku, ya jira jininsa ya kawo, jini bai kawo komai ba. Ya maimaita biyun farko. Ya ɗaga damtse zai duba, ya tarar gumi ya narkar da man takalmi, ya gangaro ta wuya ya haɗu da fentin sarƙa, ya bi hannu ya shafe rubutun. Ko da ma bai shafe ba, babu tabaran da zai karanta da shi. Ya sake maimaita biyun farko, a karo na huɗu kuma numfashi ya yanke masa a tsakiyar tudu, bai kai ga gudu ba.

Nan ya tuna da salon da ya ce shi ke sumar da 'yan mata: ya juya sau ɗaya a kan dunduniya, ya faɗo a tsugune, ya zabura sama. Juyawar ta yiwu. Tsugunawar ma ta yiwu, har da ƙarar wando daga baya. Da ya zo zabura sai wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa, ya tsaya a nan, gwiwa a lanƙwashe, hannu ɗaya a ƙasa, makirufo a bakinsa.

"Wayyo bayana," in ji shi, lasifika kuma ta kai maganar har tsallaken titi.

Jama'a suka ɗauka amshi ne, suka ce, "Bayana." Matasan da ke gaba suka tsuguna irin tasa, hannu ɗaya a ƙasa. Ya ce a kashe kiɗan, suka ce a kashe kiɗan, suna rawa. Ya ce a kira masa matarsa, fili gaba ɗaya ya ɗauka a kira masa matarsa. Matar tana tsaye kusa da ma'aikaciyar jinya, ta ce ba inda za ta, ai bai faɗi suna ba.

Mai faci ne ya fara ganewa, ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa. Daga nan dariya ta bi fili kamar wuta, wayoyi suka tashi sama. Wasu daga baya suka fara cewa a sauke tsoho. Manaja ya daina gyaɗa kai, ya juya yana neman Auta da ido. Tana tsaye a gindin matakala da takarda a hannu, ga uba a tsugune, ga babban mawaƙi a cikin cunkoso, ga mai kanti ya miƙe daga kujerarsa yana gyara riga alamar tafiya.

Guguwa, daga inda yake, yana iya hango takalman mai aski kawai. Ya ga ƙafar da ke sama ta fara kaɗawa daidai da kiɗa. Sai ya ji an yi gyaran murya, wata murya mai sanyi, wadda ya saba ji tana cewa a sunkuyar da kai, ta ɗauka daga inda ya tsaya:

"Ba ruwana da gabas, ba ruwana da kudu,
in na ƙirga ɗaya, kafin biyu na kai huɗu."

Mai aski bai tashi daga kujera ba. Bai ɗaga hannu ba, bai yi tsalle ba. Ya dai jingina ya riƙa zuba baiti bayan baiti, kowace kalma tana faɗawa a gurbinta, yana shan numfashi a inda ba wanda ya lura. Masu cewa a sauke tsoho suka yi tsit. Ya ƙare tsohuwar waƙar tas, ya ga Auta na yi masa alama da hannu biyu ya ci gaba, sai ya shiga ƙirƙira nan take. Ya waƙe sabon kantin da mai shi, mai kanti ya koma ya zauna. Ya waƙe mai faci da ƙarfensa, ya waƙe kawunan da ya aske da irin ƙaryar da yake ji daga bakin masu su. Sannan ya ce:

"Furfura ta hau kaina, harshena bai ji ba,
shekara ta ci gwiwa, baki dai ba ta ci ba,
ga abokina a gefe, ya sauka bai tashi ba."

Fili ya rikice. Matasan mawaƙan da ke baya suka fito gefen dandamali suna ɗaukarsa a waya. Ba wanda ya yi tunanin ɗauke Guguwa, don yanzu kowa ya koma ɗauka cewa tsarin wasan ke nan. Minti ashirin ya yi a tsugune, baƙin gumi na ɗiga daga haɓarsa. Duk lokacin da ganga ta buga sai ƙugun ya amsa, shi kuma ya ce wayyo, kuma wayyon nan tana faɗawa daidai ƙarshen kowane baiti. Mai sa kiɗa ya faɗa daga baya cewa bai taɓa jin amshi mai tsabta irin wannan ba.

Sai da babban mawaƙin ya iso sannan masu gadi huɗu suka hau suka ɗauki Guguwa yadda yake, biyu a gaba biyu a baya, kamar za su sa firji a mota. Yana wucewa ta gaban 'yan layi ya ɗaga musu yatsu biyu, don kada su ɗauka wani abu ne ya faru.

Washegari da la'asar yana kwance rubda ciki a kan katifa a tsakar falo. Ma'aikaciyar jinya ta yi masa allura ta tafi, matarsa na shafa masa magani a baya, mai faci da mai aski suna zaune sun zo dubiya. Auta ta shigo da fara'arta, ta durƙusa ta gaida mai aski tana ce masa Kawu. Ta ce manaja ya ba ta taruka biyu na wata mai zuwa, kuma ya ce a tambayi Kawu ko zai samu zuwa, za a tanadar masa kujera mai hannu. Mai aski ya ce sai dai in ba ranar Asabar ba, don jiya ya yi asarar kawuna da yawa.

Guguwa ya saurara, fuska a cikin matashi. Can ya yi ajiyar zuciya. Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, wadda ba a san shi da ita ba, wataƙila mutumin rediyon nan ya yi gaskiya, sana'ar tana da lokacinta, shi dai tsufa ya cim masa. Har mai faci ya ji tausayi, ya fara neman abin da zai ce.

Matar ba ta daina shafawa ba. "Baban Auta, kada ka ɗora wa tsufa laifin da ba nasa ba," in ji ta. "Ina wurin ranar da kuka fara yin waƙar nan, a layi na biyu nake. Baiti biyu ka yi numfashinka ya ƙare, wannan bawan Allah ya ƙarasa. Ka yi juyin nan naka ka faɗo daga dandamali, aka kwashe ka a mota. Titin da kake cewa an rufe, don a fitar da kai aka rufe shi."

 Mai aski ya duƙar da kai yana duba farcensa. Auta ta toshe baki da gefen mayafi.

 A hankali Guguwa ya juyo da kansa, ya nemi mai faci da ido ɗaya.

"To, ka ji da kunnenka," in ji shi. "Shekara talatin, ko kaɗan ban ragu ba. Gobe ka faɗa wa 'yan layi."